Muƙamin da Na Rubuta a Bayan Ambulan

Makera, Kaduna
6 ga Nuwamba, 2023

Ƙanena Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Hafsatu da yara. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ta ƙi jituwa da matakalar makaranta. Fiddausi ta kira daga Zariya, ta ce a gaishe da kawunta.

Labarin ƙarin girma ya iso. Mataimakin Darakta, a ofishin tsaro, a Abuja. Yaron da na wanke wa ƙwarƙwata da sabulun salo a gidan kakanninmu a Soba. Na rubuta muƙamin cikakke a bayan ambulan, na ja masa layi biyu, don Malam Ibrahim direba ya san wasiƙar babban mutum ya ɗauko. Tunda ka hana ni magana mai nauyi a waya, sai ka jure rubutuna.

Wata guda ke nan abinci ba ya yi min daɗi. Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi, ina rubuta 1917 da 1948 da 1967 a allo, ɗalibai suna kwafa suna hamma. Yanzu darasin Gaza yana zuwa musu ta waya, da jarirai a naɗe cikin farin ƙyalle, an jera su a ƙasan asibiti. Babu mai hamma kuma. Tambayata suke yi wa zai tsayar da abin, ni kuwa sai in ce su buɗe shafi na gaba.

Ka tuna maƙwabciyata Vivian, Maman Benson, 'yar Binuwai mai shagon kayan masarufi? Ita ce makullin gidana ke hannunta, nata ke hannuna, tun rikicin shekarar 2000, don in gari ya rikice ɗaya ta gudu, ɗayar ta tsare mata gida. A watan Satumba ta je ziyarar ibada Ƙudus, su Urushalima suke cewa. Ta dawo da man zaitun da 'yar tutar Isra'ila, ta maƙala ta a ƙofar shago. A lokacin na kau da kai. Shekaranjiya na je sayen sukari, na kasa haƙuri.

Na ce, "Maman Benson, cire wannan ƙyallen, ko don yaran da ake tonowa daga ƙarƙashin gini."

Ta ce, "Maman Fiddausi, tsarabata ce. Ke ba hoton Makka ne a falonki ba?"

Na ce hoton da ke falona ba ya jikin jirgin yaƙi.

Ta ajiye mudu ta dube ni. Ta ce, "Waɗanda aka kashe a gidajensu ran bakwai ga Oktoba fa, ba 'ya'yan mutane ba ne? Da aka shiga ƙauyenmu aka kashe ƙanena a gona, ban ga kin daina cin abinci ba."

Ni da na yi kwana uku a gidanta ina karɓar gaisuwa tare da ita. Na bar mata sukarinta na fito.

Tunda aikinku sa ido ne, ga aiki na ba ka kyauta. Tun da uwar ta dawo, kusan kullum ana sauke wa ɗanta Benson buhunan takin yuriya, da naɗin baƙin bututu, da wayoyin lantarki, da batir. A shigar da su ɗakin baya, a ja ƙofa. Maza huɗu ko biyar da ban san su ba suna shiga suna fita. Ga tuta a ƙofa, ga taki a ɗaki. Ku da kuke tsayar da duk mai gemu a shingen hanyar Abuja kuna zazzage masa jaka, ko idonku ba ya ganin wanda ya aske nasa? Da a gidan wani Malam aka ga rabin wannan, da tuni an kira shi ɗan ta'adda a labaran rana.

Na amayar da abin da ke raina, na ji sauƙi. Ka gaida Hafsatu, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.

Yayarka,
Lantana

*

Makera, Kaduna
23 ga Nuwamba, 2023

Dalhatu,

Ina fata gidanka lafiya. Wannan ta hannun Hafsatu na aiko ta, domin tun ranar Talata nake kiran wayarka ina jin ta a kashe, kuma kwana goma sha bakwai ban ga amsarka ba. Yanzu na gane dalili. Ka ba da amsa, ba dai da biro ba.

Ranar Talata da hantsi motoci biyu marasa lamba suka tsaya a layinmu. Benson yana ɗora taki a keke napep. Suka kwantar da shi a bakin kwata, suka ɗaure masa hannu ta baya, a gaban uwarsa da masu sayen burodi. Suka kwashe takin, da bututun, da batir. Tutar ma sun cire ta da safar hannu, suka sa a leda kamar wadda za ta fashe. Har yau ba wanda ya san inda yake. Uwarsa ta je ofisoshin 'yan sanda uku, kowanne ya ce ba shi ba ne.

Wace irin zuciya aikin nan ya sa maka? Yayarka ta rubuto maka cikin fushi, magana tsakanina da kai, irin wadda muka saba tun kana sa gajeren wando, sai ka mayar da ita takardar kame? Sabon muƙami ne yake neman abin nunawa? Kowa a layin nan ya san Benson noman rani yake yi a bakin kogi. Da ka ɗaga waya ka tambaye ni, da minti ɗaya ya isa.

Ka san abin da ya fi ci min rai? Jiya Vivian ta shigo min ba ko sallama, idonta kamar garwashi. Ta durƙusa a tsakar gidana, mace mai shekara sittin. Ta ce, "Maman Fiddausi, manta da maganar tuta, bakina ne ba shi da linzami. Ke kaɗai ce kike da mutum a sama. Abeg, rubuta wa ɗan'uwanki."

Yanzu haka tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofata, tana jiran in gama, ta kai wa Malam Ibrahim da hannunta. Ɗazu ta leƙo ta ce, "Ki sa masa cewa yaron yana da asma." Ga shi na sa.

Kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Ina jiran ganinsa a gida kafin Lahadi.

Lantana

*

Abuja
29 ga Nuwamba, 2023

Yaya Lantana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Hafsatu tana gaishe ki, tana yi miki sannu da gwiwa.

Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Wasiƙarki ta farko ba ta taɓa zuwa hannuna ba. Mako uku ina wurin kwas, an karɓe mana wayoyi. Jiya na dawo, Hafsatu ta ba ni ta biyun, na karanta ban fahimci komai ba sai da na je ofis na bincika.

Ga abin da ya faru. Malam Ibrahim ya ga muƙami a bayan ambulan, sai ya kai ta ƙofar ofis maimakon gida. A ƙa'idarmu, duk wasiƙar da ta zo ɗauke da muƙami ta ofis ce, ba ta mutum ba. A rajista ake buɗe ta, a buga mata hatimi, a ba ta lamba. Da sunana kaɗai kika rubuta, da an ajiye min ita a rufe. Wanda ya buɗe ya ga taki da batir da wayoyi da mazan da ba a sani ba, ya tura ta inda ake tura irinta. An fassara ta zuwa Turanci. An cire gwiwarki, da sabulun salo, da yajin Hafsatu. Sakin layi ɗaya aka bari. A fayil ɗin an kira ki "majiya mai ilimi, mazauniyar unguwa". Kin san yadda ake kallon takin yuriya yanzu, kin kuma san akwai masu fafutukar ɓallewa a kudu da ke ɗaga wannan tutar. Haɗa biyun bai ɗauke su rabin yini ba.

Kin ce kowa ya san noma yake yi. Na karanta wasiƙar sau uku, Yaya. Ban ga kalmar noma a cikinta ba.

Benson yana nan Kaduna, a reshenmu, kuma na sa an kai masa maganin asma. Iyakar abin da zan iya ke nan. Na shaida wa maigidana cewa majiyar 'yar'uwata ce, don haka an hana ni taɓa fayil ɗin.

Hanya ɗaya ce mai sauri. Wadda ta ba da labari ta je da ƙafarta, ta rubuta da hannunta cewa ta san kayan na gona ne tun lokacin da ta yi rubutun, ta sa hannu a gaban mai unguwa da mutum ɗaya daga dangin wanda ake tsare da shi. In ba haka ba, ranar sha biyar ga Disamba za a ɗauke shi daga Kaduna tare da wasu, kuma daga nan ni kaina ba zan iya ce miki wata nawa ba.

Dole in gaya miki ɗayan ɓangaren. Sunanki a rufe yake. In kika yi shiru, ba wanda zai taɓa sani.

Ƙaninki,
Dalhatu

*

Makera, Kaduna
3 ga Disamba, 2023

Ƙanena,

Na sami wasiƙarka. Lafiyar jiki dai da sauƙi. Ka yafe min abin da na kira ka.

Kwana biyu na yi ina zagin ofishinku. Wane irin tsaro ne wannan da ba zai aiko mutum ɗaya ya taka zuwa bakin kogi ya ga alayyafo ba? 'Yan bindiga sun tare jirgin ƙasa sun kwashi mutane, kun yi watanni kuna taro, amma manomi mai asma kun same shi cikin mako biyu. Na tsara wannan maganar a raina da kyau, har da misalai daga ƙasashe uku. Sai na tuna ba ni da bakin faɗinta.

Ka ce ba ka ga kalmar noma ba. Ba mantawa na yi ba. Na rubuta ta, na ga tana rage wa maganar kaifi, na sake sabon shafi. Vivian ta ga irin ban ruwan nan na ɗigo-ɗigo a can inda ta je, ta zo wa ɗanta da hotuna, shi ne ya haɗa abokansa suka yi ƙungiya. Ni na gyara musu Turancin takardar neman rajista. Mazan da na ce ban sani ba, sunayensu biyar na san su, ɗayansu Nelson ɗalibina ne, shekara uku yana zaune a layin gaba. Batir ɗin na famfon sola ne. Duk na sani. So nake in ci gardama da matar da ta fi ni gaskiya a jimla ɗaya, tunda na kasa a shagonta sai na ci a takarda.

Kullum da yamma sai Vivian ta zo ta tambaye ni ko ka amsa. Na ce mata kana ƙoƙari. Jiya ta kawo min alayyafo cike da roba. Ta ce tunda an kwashe bututun gonar tana bushewa, gara a ci kafin ya mutu. Ta ce, "Ki daɗa wa ɗan'uwanki godiya, ko maganin nan da aka kai masa ya isa in yi masa addu'a." Robar tana nan a kicin. Ban iya dafawa ba, ban iya zubarwa ba.

Dalhatu, nema min wata hanya. In rubuta ba suna. Ko in sa hannu a gaban mai unguwa kaɗai. Ba don kaina kawai nake faɗa ba. Ka san garin nan. In aka ji Musulma ce ta sa aka kama ɗan Kirista a kan tutar Isra'ila, kafin la'asar labarin ya tsallaka Kakuri ya yi ƙafa da hannu. Na san kuma akwai tsoron kaina a ciki, ba sai ka gaya min ba. Malama Lantana da ke koya wa 'ya'yan mutane bambancin hujja da jita-jita.

Ka amsa da wuri.

Lantana

*

Abuja
7 ga Disamba, 2023

Yaya,

Muna lafiya. Na tambaya ta kowace fuska. Babu wata hanya. An sa sharaɗin dangi ne don kada jami'i ya ƙirƙiri janyewa ya saki wanda ya ga dama, kuma ba za a ɗage shi saboda ni ba.

Maganar gari, mai unguwarku dattijo ne, ya san abin da zai riƙe a cikinsa. Abin da Maman Benson za ta yi da labarin kuwa, ke kika san ta, ba ni ba.

Ni ma ban fita da tsabta ba. Shekara goma sha ɗaya ina sa hannu a kan irin wannan sakin layin. Ban taɓa tambayar me aka yanke a samansa da ƙasansa ba.

Saura kwana takwas. An ce tarin yana tsananta masa.

Dalhatu

*

Makera, Kaduna
18 ga Disamba, 2023

Ƙanena Dalhatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san labari ya riga ya zo maka ta fayil, amma fayil yana yanke abubuwa, don haka ga shi daga bakina.

Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Na ƙara kwana biyu ina jan ƙafa, kwana biyun kuma a ƙirjin Benson suka sauka, wannan ma ka rubuta shi a kaina. Ranar Lahadi da Vivian ta dawo daga coci na same ta a shago tana ƙulla gishiri a leda. Na ce ta rufe ƙofa. Na faɗa mata a tsaye, daga sukari har zuwa ambulan.

Ba ta daina ƙulla gishirin ba. Ta ƙulla uku. Sannan ta ce, "Wasiƙar da na kai tasha da hannuna, kin riga kin sani?"

Na ce ina zargi.

"Ranar da na kawo alayyafo fa?"

Na ce ranar na sani.

Ta ce, "Gobe ƙarfe nawa?"

Ranar Litinin muka tafi mu uku da mai unguwa a keke napep ɗaya, ni da ita a manne, ba wadda ta dubi wata. A ofishin aka ba ni takarda da biro. Wani jami'i, sa'an Fiddausi, ya duba abin da na rubuta ya ce, "Madam, kin ce ke malamar makaranta ce?" Na ce e. Ya ce, "Me kike koyarwa?" Na faɗa masa. Ya buga hatimi. Vivian ta sa hannu a ƙasan nawa. Da za mu fita ta ce a ba ta kwafin wasiƙar ta asali, ta Hausa. Suka ce ba a bayarwa. Na ce ina da shafin da na fara rubutawa a gida.

Ranar Alhamis suka saki Benson. Ya rame, an aske masa kai, numfashinsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Sun riƙe takin da batir. Gonar ta bushe, noman bana ya wuce su, shi da abokansa biyar da iyalansu.

Ranar Asabar da rana Vivian ta aiko a kira ni, ta ce in zo da takardar. Na tarar da shi a kujera da bargo. Ta ce, "Karanta masa. Da muryar da kika rubuta."

Na karanta. Ka san ni da son jimla mai daɗi. Da na zo kan "ga tuta a ƙofa, ga taki a ɗaki" na ji yadda na auna ta, na daidaita ta, har tana da kari kamar waƙa. Ban taɓa jin ƙyamar iya rubutuna ba sai ranar. A wannan shafin kalmar noma tana nan, da layin da na ja na soke ta. Benson ya miƙo hannu ya karɓa, ya daɗe yana kallon wurin.

Ya ce, "Mama Lantana, sun yi ta tambayata sunan wanda ya aiko ni daga Isra'ila. Ni ko Legas ban taɓa zuwa ba." Ya yi tari. Ya ce, "Na ce musu su je su tambayi malamar da ke maƙwabtaka da mu, ita ta rubuta mana takarda, za ta yi min shaida. Kullum sai na ba su sunanki."

Ra'ayina a kan Gaza bai motsa ba ko taƙi ɗaya. Gobe ma zan tsaya a gaban allo in faɗi abin da ake yi wa mutanen nan. Amma shekaru ina bayyana wa ɗalibai yadda ake rushe gida da mutanensa a ciki saboda wani ya ce ya ga wani abu, ban san na iya aikin ba.

Vivian ba ta gaya wa kowa ba. Mai unguwa ma ya yi shiru. A layi cewa ake ɗan'uwan Malama na Abuja ne ya fito da shi, mata suna tare ni a hanya suna sa min albarka. Na roƙi Vivian ta bar ni in faɗi gaskiya. Ta ce, "Ki sa a ƙona unguwa don ki ji sauƙi? Riƙe abinki."

Jiya da yamma ta shigo da sallama. Ta ajiye makullin gidana a kan tebur, da zaren ja ɗin da na ɗaura masa shekara ashirin da uku da suka wuce. Na tashi zan ciro nata daga ƙusar bayan ƙofa.

Ta ce, "Bar shi."

Na ce, "Maman Benson, ai ba daidai ba ne, naki a wurina, nawa..."

Ta ce, "Naki ba zan iya riƙe shi ba yanzu. Nawa kuwa ki bar shi inda yake. Ina so ki riƙa ganinsa duk safiya in za ki fita koyarwa."

Ta fita. Yana nan a ƙusar. Yau da safe na gan shi.

Ka gaida Hafsatu da yara. A bayan wannan ambulan sunanka kaɗai na rubuta.

Yayarka,
Lantana